Yadda Funfuna Ke Lalata Kayan Cikin Alade a Gwajin Kimiyya

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a fannin likitancin dabbobi. Na karanta rahotanni biyu a kan aladun da aka sa wa funfuna da gangan domin bincike. Ɗaya ya ce huhu ne ya fi lalacewa, ɗayan kuma ya ce tumbi da hanta ne. Wanne ne daidai a cikinsu, kuma me ya sa ake zaɓar alade a bar ɓera?

Amsa: Ɗalibi, Allah ya ƙara basira. Mai yiwuwa ne duka rahotannin biyu su kasance daidai, domin ɓarnar da ake tararwa a kayan cikin dabbar da aka yi gwaji a kanta ba ta rataya ga irin funfunar kaɗai ba. Ƙofar da aka shigar da ita, da yawan da aka shigar, da halin da garkuwar jikin dabbar take ciki a ranar, da kuma kwanakin da aka bari kafin a buɗe gawar, duk suna da hannu a cikin abin da ido zai gani. Duk wanda ya karanta sakamakon irin wannan bincike bai fara da karanta yadda aka gudanar da shi ba, to zai iya haɗa abubuwa biyu da ba su da dangi ya ce sun saɓa wa juna.

Kafin mu yi nisa, idan na ce funfuna ina nufin dangin halittun nan da suka haɗa da abin da ke toho a kan hatsi mai laima, da yisti, da naman gwari. Mafi yawansu ba su iya rayuwa a cikin jikin dabba mai shayarwa, kuma babban abin da ke hana su shi ne zafi. Zafin jikin alade mai lafiya yana kusa da digiri 39 a ma'aunin Salshiyos, wanda ya ɗara na mutum, kuma 'yan kaɗan ne daga cikin dangin funfuna suke jure wannan. Aspergillus fumigatus tana cikin masu jurewa, domin tana iya girma har a zafin da ya kai digiri 50 a cikin tarin takin da ke ruɓa. Candida albicans kuwa dama mazauniyar baki da hanji ce, ta saba da zafin jiki. Waɗannan biyun suna cikin huɗun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na haɗari a jerin da ta fitar a shekarar 2022, shi ya sa za ka fi cin karo da su a gwaje-gwaje. Sai dangin Mucorales, irin su Rhizopus da Mucor da Lichtheimia, waɗanda su ne na fi jin tsoro idan suka samu shiga nama.

Dalilin zaɓar alade shi ne kusancin ƙirar jikinsa da ta mutum. Girman zuciyarsa da huhunsa, da tsarin ƙodarsa, da kaurin fatarsa, duk sun fi na ɓera kama da namu, kuma girmansa yana ba da damar a ɗebi jini sau da yawa, a ɗauki hoton ƙirji, a zura bututun gani a cikin hanyar iska, ba tare da an kashe dabba a kowane mataki ba. Akwai kuma wata fa'ida da ba kowa ya san da ita ba. Mabiyiyar alade tana da kauri, ba ta barin sinadaran kariya na uwa su ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki, saboda haka ana haihuwarsa ba tare da gadon garkuwa ba, sai abin da ya samu daga dakashi a sa'o'in farko. Masu bincike sukan ciro 'ya'yan ta hanyar tiyata gab da cikar kwana 114 na ciki, su raine su a cikin akwatunan da aka tsarkake, su samu dabbar da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a hanjinta kuma babu kariyar uwa a jininta. A irin wannan dabba, duk abin da ya faru bayan an ba ta Candida ana iya jingina shi ga Candida da kwanciyar hankali.

Mu fara da ƙofar numfashi, wadda nake kyautata zaton ita rahotonka na farko ya bi. Ƙwayoyin irin Aspergillus fumigatus ƙanana ne ƙwarai, faɗinsu bai wuce maikuromita 2 zuwa 3 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don haka suna wuce hanci da maƙogwaro su isa har ƙananan jakunkunan iska na huhu. A can akwai ƙwayoyin tsaro masu haɗiye baƙin abu, waɗanda sukan cinye irin kafin ya tsira. Wanda ya kuɓuta ya fara fitar da zare kuma sai fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyuturofil su taru a kansa. A alade mai ƙoshin lafiya sau da yawa a nan labarin yake ƙarewa: ɗan zazzaɓi, ɗan kumburi a kewayen ƙananan hanyoyin iska, bayan makonni a tarar da 'yan ƙananan ƙululai masu tauri inda jiki ya yi wa ragowar funfunar shinge. Wannan ne ya sa masu gwaji sukan fara raunana garkuwar dabbar da magunguna irin su kotizon ko cyclophosphamide. Idan aka yi haka hoton yakan sauya gaba ɗaya. Zaren funfunar sai ya huda bangon jakar iska, ya shiga jijiyar jini, jini ya daskare a kansa, naman da jijiyar ke shayarwa ya mutu. Abin da za ka gani a teburin fiɗa shi ne dunƙule mai launin toka ko ruwan ɗorawa a tsakiya, da jan da'ira ta zubar jini a kewaye. Ka lura cewa irin maganin da aka yi amfani da shi ma yana sauya kamannin ciwon: wanda ya ƙarar da niyuturofil yakan bar zare mai yawa da kumburi kaɗan, kotizon kuwa yakan bar ƙwayoyin tsaro su taru da yawa amma ba su da kataɓus, sai ɓarnar ta fito daga kumburin kansa.

Idan ta jijiya aka yi allurar, akwai wani abu game da alade da ya kamata ka riƙe, domin a nan ne kamarsa da mutum take yankewa. A jikin mutum da ɓera, hanta da saifa ne suke tace mafi yawan baƙin abubuwan da ke yawo a jini. Alade kuwa, kamar tumaki da shanu da dawaki, yana da ƙwayoyin tsaro da ke maƙale a cikin ƙananan jijiyoyin huhu, su ne suke fara cafke abin da aka zuba a jini. Saboda haka allurar jijiya a alade takan fara bugun huhu: hawan jini a jijiyoyin huhu, haki, ruwa ya taru a naman huhun, wani lokaci tun kafin funfunar ta fara girma. Ɗalibin da ya saba da gwajin ɓera, inda Candida ta jijiya ta shahara da yin sansani a ƙoda, zai yi mamakin ganin huhu a gaba. Abin da ya tsallake huhu ne yake bin jini ya warwatsu, ya sauka a ɓawon ƙoda, da naman zuciya, da ƙwaƙwalwa, a matsayin 'yan fararen ɗigo-ɗigo kamar kan allura, waɗanda a ƙarƙashin madubin ƙara girma ƙananan marurai ne da zare a tsakiyarsu. A ƙoda, idan zaren ya faɗa cikin bututun fitsari yakan yi girma ba tare da tsangwama mai yawa ba, har ya toshe su.

Rahotonka na biyu kuwa, wanda ya ambaci tumbi da hanta, ya yi kama da gwajin da aka yi ta baki. Tumbin alade yana da wani ɗan fili a daidai inda hanyar abinci ta buɗe a cikinsa, wanda fatarsa irin ta hanyar abincin ce, ba ta fitar da majinar da ke kare sauran bangon tumbi daga tsami. Wannan fili shi ne mahaifar gyambon ciki a aladu, kuma shi ne wurin da Candida ta fi so. Za ka tarar da farin shimfiɗi mai kama da gudajin madara a kan harshe da hanyar abinci da wannan fili, idan ka kankare shi sai jan nama ya bayyana. A gonaki ana ganin haka a 'ya'yan aladun da aka raba da uwa da wuri, ko waɗanda aka daɗe ana ba su maganin kashe bakteriya, domin maganin ya share maƙwabtan da suke taka wa Candida burki. Matuƙar garkuwar jiki tana nan, ciwon yakan tsaya a saman fata. Idan ta faɗi, funfunar takan ratsa bangon hanji, ta bi babbar jijiyar da ke kwashe jini daga hanji zuwa hanta, ka ga hanta ta zama zangon farko.

Dangin Mucorales sun fi wannan muni nesa ba kusa ba. Ba su cika fara ciwo a lafiyayyen bango ba, sukan jira gyambo ya buɗe musu ƙofa, amma da zarar sun shiga sai su nufi jijiyoyin jini kai tsaye. Gyambon da suka kama yakan yi zurfi, bakinsa ya tashi, tsakiyarsa ta yi baƙi saboda mutuwar nama, kuma daga nan suna iya kaiwa ga kaluluwar da ke cikin kitsen hanji, ko hanta, ko ƙoda. Kaluluwar takan kumbura ta cika da wani abu mai kama da cuku, wani lokaci har da ƙurji-ƙurjin alli, wanda ido kaɗai ba ya iya rarrabe shi da tarin fuka. Wannan kamanceceniya tana da muhimmanci a wurin masu duba nama, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na yarda da hukuncin da aka yanke da ido zalla a kan kowane ƙululu.

Biyu daga cikin dangin ba su shiga wannan tsari sosai ba, zan taɓa su a gurguje. Pneumocystis, wadda aka daɗe ana ɗauka ba funfuna ba ce har sai da nazarin ƙwayoyin gadonta a shekarar 1988 ya mayar da ita cikin dangi, tana cika jakunkunan iska da wani abu mai kumfa, bangonsu ya yi kauri, huhu ya ƙi lotsawa idan an buɗe ƙirji. Ba a iya noma ta a farantin ɗakin gwaje-gwaje kamar sauran, don haka gwaji da ita yana da wuya, kuma an fi ganin ta a aladun da wata cutar bairos, kamar PRRS ko circovirus, ta riga ta karya musu garkuwa. Funfunar makero kuma, irin su Nannizzia nana da aka fi sani da tsohon sunanta Microsporum nanum, a mataccen saman fata da gashi take tsayawa, tana yin zagayayyun tabo masu ruwan ƙasa a bayan kunne da kuiɓi, ba ruwanta da kayan ciki.

Yanzu ga inda nake so ka fi tsananta bincike. Ƙwayoyin irin funfuna suna cikin iska, da shimfiɗar ɗakin dabba, da abincinta, da ɗakin fiɗa. Idan mai bincike ya yanki huhu ya shafa a farantin Sabouraud, wato farantin da ake noma funfuna a kai, Aspergillus ta tsiro, abin da ya tabbatar kawai shi ne cewa akwai iri a wurin. Ko alade mai lafiya zai iya ba da wannan sakamako. Hujjar da ke tsayawa ita ce a ga zaren a cikin naman, da amsar jiki a kewayensa. Ana yin wannan da rini na musamman, musamman rinin azurfa na Grocott da ke mayar da bangon funfuna baƙi, da rinin PAS da ke mayar da shi ja mai haske. Zaren Aspergillus siriri ne, kaurinsa ɗaya, yana da gaɓoɓi kamar kara, yana rabuwa gida biyu a kusurwar da ta kai kimanin digiri 45. Na Mucorales faffaɗa ne kamar ƙyallen da aka murɗa, gaɓoɓinsa kaɗan ne, rassansa sukan fita kusan a tsaye. Candida kuwa takan nuna ƙwayoyin yisti masu toho tare da zare a wuri ɗaya. Duk da haka siffa tana yaudara, domin Fusarium tana kama da Aspergillus a cikin nama, shi ya sa bincike mai kyau yake haɗa madubi da noma a faranti da gwajin ƙwayoyin gado. Faranti ma yakan yaudara ta wata fuskar: zaren Mucorales yakan mutu idan aka niƙa naman kafin a shuka, sai faranti ya fito wayam alhali madubi yana nuna funfuna danƙare. Ka kuma duba ko an buɗe gawar da wuri. Funfuna tana ci gaba da girma a cikin gawa, kuma zaren da babu ko ƙwayar tsaro ɗaya a kusa da shi, a naman da ya fara ruɓa, abin zargi ne.

Haka nan rahoton da ba shi da rukunin kwatanci ba shi da nauyi a wurina. Ana buƙatar aladun da ba a ba su komai ba, da waɗanda aka ba su maganin raunana garkuwa kaɗai, domin maganin da kansa yana ƙanƙantar da saifa da kaluluwa kuma yana iya tayar da cututtukan da suke kwance. Ina kuma son in ga rukunin da aka ba matattun ƙwayoyin iri, tunda bangon funfuna ko ba rai yana iya tayar da kumburi mai tsanani. Ba tare da waɗannan ba, ba ka san ko ɓarnar ta mamaya ce, ko ta magani, ko ta fushin jiki ba. Wannan shi ne ruhin ƙa'idojin da masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch ya shimfiɗa a ƙarshen ƙarni na 19 don tabbatar da cewa wata ƙwaya ce ta haddasa cuta, sai dai funfuna ta koya mana cewa dole a ƙara halin mai masauki a cikin lissafin.

A nan zan ɗan ratse, domin abin yana damuna. Alade dabba ce mai hankali da jin zafi, kuma mamayar jijiyoyin huhu mutuwa ce ta wahala. Tun shekarar 1959 wasu masana biyu, Russell da Burch, suka gabatar da manufofi uku: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage adadi, a sassauta wahala, dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2010 kan dabbobin bincike a kan su aka gina ta. Gwajin da ya bar dabba har ta mutu da kanta ya yi zalunci, ya kuma ɓata nasa sakamakon, domin naman dabbar da ta daɗe tana magagin mutuwa ya cika da sauye-sauyen da ba na funfuna ba. Mai bincike na kirki tun kafin ya fara yakan rubuta alamomin da idan sun bayyana za a kawo ƙarshen ran dabbar cikin sauƙi.

Saura abu ɗaya da yake rikita ɗalibai da yawa, kuma zai iya kasancewa a bayan saɓanin da ka gani. Funfuna tana iya lalata kayan cikin alade ba tare da ko zare ɗaya ya shiga jikinsa ba, ta hanyar gubar da ta bari a hatsi, kuma kowace guba tana da gaɓar da take nufa. Aflatoxin, wadda Aspergillus flavus ke yi, an gano ta ne bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a shekarar 1960. Hanta ce take juya ta zuwa wani sinadari mai maƙalewa a jikin ƙwayoyin gado, don haka hantar ce take fara shan wuya, ta yi fari da kitse, ƙananan hanyoyin ɗaci su yawaita, bangon madaciya ya kumbura, jini ya ƙi daskarewa. Ochratoxin ƙoda take ci, kuma a Danmak aka fi nazarin ta, inda aka daɗe ana ganin aladu masu manyan ƙodoji fatau, masu yawan shan ruwa da fitsari. Fumonisin, wadda masu bincike a Afirka ta Kudu suka ware a shekarar 1988 daga Fusarium, ita ta haddasa mutuwar aladu da yawa a Amurka bayan girbin masarar 1989: tana hana jiki haɗa wani nau'in kitse na bangon ƙwayoyin halitta, zuciya ta raunana, ruwa ya cika huhu da ƙirji cikin 'yan kwanaki. Wannan gubar a doki ƙwaƙwalwa take narkarwa, wanda ke nuna maka yadda nau'in dabba yake sauya sakamako. Zearalenone tana kwaikwayon sinadarin mata, sai al'aurar 'yan matan aladun da ba su balaga ba ta kumbura, kuma alade ya fi sauran dabbobin kiwo jin ta saboda jikinsa yana mayar da ita wani nau'i da ya fi ta ƙarfi. Deoxynivalenol kuwa tana sa shi ƙin abinci da amai, tana kuma raunana bangon hanji.

Abin da ya sa na daɗe a kan guba shi ne tana iya ɓuya a cikin gwajin mamaya. A ce an sa wa aladu Candida ta baki alhali abincinsu yana ɗauke da 'yar aflatoxin da deoxynivalenol: hanta za ta nuna ɓarna, bangon hanji zai yi rauni har funfunar ta samu hanyar wucewa, garkuwa za ta ragu, kuma duk za a rubuta su a kan Candida. Hanyar rarrabewa a madubi ita ce ɓarnar guba takan bazu bai ɗaya, ta bi tsarin gaɓar, kamar tsakiyar kowane ɗan yanki na hanta, wanda a alade iyakokinsa a fili suke. Ɓarnar mamaya kuwa tsibi-tsibi take zuwa, nan da can, da zare a tsakiya.

Saboda haka ka koma ga rahotannin nan biyu ka buɗe sashen da suka bayyana yadda suka yi aikin. Ka nemi sunan funfunar da adadin ƙwayoyin da aka ba kowace dabba, da ƙofar da aka bi, da shekarun aladun da ko sun sha dakashi, da maganin da aka ba su kafin gwaji, da ranar da aka buɗe gawarwakin, da ko an nuna zaren a cikin nama da rini. Idan kuma kai ne wata rana za ka tsara irin wannan gwaji, ka aika da samfurin abincin aladun ɗakin gwaje-gwaje a auna gubar da ke cikinsa kafin ka taɓa dabba ko ɗaya, sa'annan ka ajiye wani kaso na kowane buhu a wuri mai sanyi da bushewa har a kammala karanta naman ƙarshe.